Mun je Daura gaida Gwaggo, mun leƙa Kusugu

Duk wanda yake da dangi a Daura yana zaune Kano bai da wani uzuri wallahi, hanyar nan awa biyu ce da ɗan abin da ba a rasa ba, amma sai ka ga mutum sai rasuwa ko biki suke kai shi. Mu dai wannan karon babu rasuwa babu biki, Gwaggo ce ta yi ta aiko da saƙo ta bakin duk wanda ya zo Kano cewa ko sai ta mutu za a kai mata yaran, shi ne ranar Asabar da sassafe muka loda su a mota ni da maman su muka kama hanya.

In ka wuce Dawanau ka rabu da manyan motocin hatsi to ka huta. Dambatta muka tsaya shan fetur, daga nan sai Kazaure, kun shiga Jigawa kenan, kafin ka gama kallon duwatsun nan kuma kun faɗa jihar Katsina. Jiha uku kafin walaha. A gefen hanya nan da can za ka hango aikin layin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina ya ƙare a Maraɗi, Allah ya nuna mana ranar da za mu hau shi dai.

Gwaggo ba ta faɗin sunana saboda sunan mahaifinta aka saka min, Babana take ce min. Muna yin sallama tun daga zaure na ji muryarta, "Lale lale da Babana, yau ka tuna kana da 'ya a garin nan?" Na durƙusa na ce Gwaggo a yi haƙuri aiki ne, ta ce aikin me, ai mai aikin ma yana da ƙafa. Kafin mu gama gaisawa an dire fura da nono a ƙwarya, ta gero mai yaji wadda aka dama da ludayi, ba irin ta bilenda da muke sha a Kano ba. Yaran da farko suka noƙe, daga baya sai da aka ƙwace ludayin.

Da la'asar Baffa ya ce a tashi a kai yara Kusugu, wai abin kunya ne jinin Daura bai taɓa shan ruwanta ba. Rijiyar tana cikin gari ne, an gina mata ɗaki an rufe, kuma gaskiya in ka je da tunanin za ka ga wani ƙaton abu to za ka sha mamaki, rijiya ce dai kamar ta gidan kowa. Mai kula da wurin ya jefa guga ya jawo muka sha, ya fara ba da labarin da kowa ya sani tun firamare: macijiya mai suna Sarki ta tare rijiyar ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Bayajidda ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Borno, ya tsaya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare ya nemi ruwa aka ce babu, ya je ya sare kan macijiyar, Sarauniya Daurama ta aure shi suka haifi Bawo, daga nan aka samu Hausa bakwai, Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Ya ce rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Ƙaramar 'yata ta leƙa ta ce to ina macijiyar, babban kuma ya yi tambayar da ta fi ƙarfin shekarunsa, wai in Bayajidda ne ya haifi Hausawa to mutanen da ya tarar a garin wane yare suke yi? Baffa ya harare ni kamar ni na kitsa masa.

Ni dai ra'ayina yaron yana da gaskiya. Labarin da kansa ya nuna akwai gari, akwai sarauniya, akwai maƙera a Gaya tun kafin baƙon ya iso, to in ma akwai abin da ya faro daga kansa sai dai gidan sarauta. Amma ban ce komai a can ba, ba a musu da Baffa a gaban rijiya.

Abin da ya fi ja min hankali ma ba a Kusugu na ji shi ba, a tsakar gida ne bayan isha muna cin tuwon dawa da miyar kuka. Baffa ya ce mu Kanawa (haka yake ce min in yana son tsokana) ba mu san abin da Daura ta fi mu da shi ba. Lokacin jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya ci Daura, sarakunan Haɓe suka fita, daga baya suka kafa zama a Zango da Ɓaure. Haka ya faru a sauran wurare, na Katsina suka ƙare a Maraɗi, na Zazzau suka gangara Abuja ta asali wadda yanzu ake kira Suleja, kuma babu wanda ya dawo gida a cikinsu. Na Daura ne suka dawo, da Turawa suka zo sai suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi kan gadon. Gidan ne ke mulki har yau, Sarki Muhammadu Bashar ya yi daga 1966 zuwa 2007, sai Alhaji Umar Faruk Umar ya gaje shi. Baffa yana faɗin wannan yana buga ƙafa a ƙasa sai ka ce shi aka naɗa. Na rasa me ya sa littafin makaranta ya cika mu da macijiya ya bar wannan, alhali Zangon tana nan kusa, ka hau mota ka je ka gani da idonka.

Lahadi da safe zagayen gaisuwa ne, gida gida, kowane gida sai ka ci wani abu ko a ce ka raina su. Mun bi ta wajen gidan marigayi Buhari inda aka binne shi a watan Yulin 2025, muka yi masa addu'a daga cikin mota muka wuce. Na so mu ƙarasa Kongolam yara su ga bakin iyakar Nijar tunda ba nisa, maman su ta ce gobe makaranta, magana ta ƙare.

Da za mu tafi Gwaggo ta sa aka cika but da gero da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, har da kaza mai rai da aka ɗaure wa ƙafa, na ce Gwaggo ina za mu kai kaza a gidan haya, ta ce "Babana ka kai ta tukunya mana." Ta kuma sa na yi alkawarin dawo da yaran lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal su ga hawan sarki, a gaban Baffa ta sa na faɗa don ya zama shaida. Kazar ta yi ta kuka har Kazaure, daga nan ita da yaran duk suka yi barci, muka shigo Kano ana kiran magariba muka tarar da gosulon Dawanau yana jiranmu.