Ranar da sukari ya ƙi yin ja a ajina

Duk malamin da ke shirya ɗalibai gwajin abinci na WAEC ya san tsarin. Zuma a kwalba ɗaya, sukarin shayi a ɗaya, a zuba ruwan Benedict, wato wani magani shuɗi da ke canza launi idan ya haɗu da wasu nau'o'in sukari, a tsoma cikin tafasasshen ruwa. Haka na yi da 'yan ajin ƙarshe a makarantar da nake koyarwa a Tudun Wadan Zariya. Zuma ta yi kore, ta yi ruwan ɗorawa, ta tsaya ja kamar jan bulo. Sukari kuwa ko gezau, shuɗi yadda aka zuba shi.

"Malam, maganin ne ya lalace," in ji wata yarinya. Wani ya ce jabun sukari aka sayo. Suka sake gwadawa, suka sake, har rabin kwalbar maganin ya tafi, kuma kun san yadda ake wahala kafin makaranta ta sayo wata.

Ba abin da ya lalace. Sukarin shayi sukuros ne, wato sukari iri biyu, gulukos da furuktos, a haɗe, kuma an haɗa su ne daidai ta bakin da kowannensu zai taɓa tagullar da ke cikin maganin. Bakin biyu a rufe suke. A zuma kuwa kowanne yana sake, shi ya sa ta yi saurin juyawa. Sai an dafa sukarin da ɗan asid da aka sirka da ruwa ya tsinke haɗin, sannan a zuba bekin soda don ta kashe asid ɗin, har kumfa ta daina tashi, kafin a sake gwadawa da maganin. Nan ne ya fi ba ni haushi: rukuni biyu suka tsallake sodar don sauri, asid ya kashe maganin, shuɗin nan ya sake zama daram. Littafi ya faɗi wannan matakin a layi ɗaya, kamar ba komai ba.

Sitaci bai ba mu wahala ba, digon aidin a kan kamu ya yi baƙi-baƙi nan take. Na dai yi amfani da damar na nuna musu cewa kamu da karan dawa duk sarƙar gulukos ce, salon ƙullin ne ya bambanta. Yawunmu yana warware na sitaci, na kara kuwa sai ƙananan halittu irin waɗanda ke tumbin saniya.

Malamai 'yan uwana, ku raba maganin a ƙananan kwalabe tun kafin yara su shigo, sodar kuma ku riƙe ta a hannunku, ku zuba wa kowane rukuni da kanku.