Littafin asalin kalmomi: na iso kan daffodil

'Yan uwa masu koyon bin diddigin kalmomi, barkanmu da warhaka. Wannan makon shafin furanni na buɗe a littafina, kuma daffodil ce ta fi cin mini lokaci. Fure ne ruwan ɗorawa mai baki kamar kakaki, yana fitowa a Birtaniya da zarar sanyi ya fara sassautawa, wajajen watan Maris.

Har yanzu tsarina ɗaya ne: kalmar a saman shafi, tsofaffin siffofinta na bin ta a ƙasa, kowace da harshenta a gefe. Kafin ta zama daffodil, Turawan Ingila affodill suke cewa. Sun aro ta daga Latin, affodillus, wadda asalinta asphodelus ne, ita kuma daga Girkanci, asphodelos. To amma shukar da Girkawa ke kira haka wata ce daban, mai dogon kara da fararen furanni, da ke tsirowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum. A tatsuniyoyinsu ma ita ce ta lulluɓe filayen da matattu ke zama. Sunan ne ya bar mai shi ya sauka kan wani furen.

Inda na fi daɗewa shi ne harafin d na farko, wanda ya bayyana a ƙarni na 16. Masana da yawa na jingina shi ga harshen mutanen Holan, inda "de" ke zuwa gaban suna, sai "de affodil" ta dunƙule ta zama kalma guda. Bayanin ya kwanta mini, don mu ma haka muka yi wa Larabci: al-basal ta zama albasa, al-ƙalam ta zama alƙalami, muka haɗiye "al" ɗin tare da sunan. Duk da haka da fensir na rubuta shi. Abin da ya tabbata kaɗai nake rubutawa da biro, kuma ina ba ku shawara ku riƙe wannan ɗabi'a tun yanzu.

A gefen shafin na ƙara cewa Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya sa furen cikin rukunin tsirran da ya kira Narcissus a 1753, mutanen Wales, wani yanki na Birtaniya, kuma suna maƙala shi a riga ranar 1 ga Maris, ranar bikin ƙasarsu. Tushensa ya yi kama da albasa, amma guba ne, ba a ci.

Mako mai zuwa tulip zan kama, wata irin fure ce ita ma, wadda sunanta ke komawa ga kalmar Turkawa ta rawani. Wanda ya riga ni yin ta, ya aiko mini shafinsa mu gwada.