Babi na uku da aka ce in cire

Yanzu da aka sa hannu a kundina na digiri na biyu, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Bincikena a kan yadda ake mai da rubutacciyar waƙa fim ne, na kuma zaɓi Lasca, waƙar da Frank Desprez, ɗan Ingila da ya taɓa kiwon shanu a Texas, ya wallafa a 1882. Labarin gajere ne. Budurwa 'yar Meziko mai suna Lasca, mai zafin kishi, wadda ta taɓa daɓa wa saurayinta wuƙa, ita ce ta kwanta a kansa ranar da garken shanu ya firgita ya biyo ta kansu. Shi ya tashi, ita ba ta tashi ba. Kamfanin Universal ya yi fim da ita a 1919, ya sake yi a 1931 da sunan Lasca of the Rio Grande.

Abin da ya kama ni shi ne waƙar ba ta isa ta cika awa guda ba, dole masu fim ɗin 1931 suka yi ciko. Suka mai da saurayin jami'in tsaro, suka ƙirƙiro masa abokin hamayya, amma mutuwar Lasca ba su iya taɓa ta ba. Babina na uku kenan, kuma na san ya yi kyau.

Malamin da ke duba aikina ya ɗan jujjuya shafukan, ya zana jan biro daga sama har ƙasa, ya ce fim ɗin kaboyi ba ilimi ba ne, in cire. Na ce, “Ranka ya daɗe, a nan fa hujjata take.” Ya ce ko in cire, ko in nemi wani mai dubawa. Kowa a sashenmu ya san ma'anar wannan. Na cire.

Shekara ba ta zagayo ba na ga babin a wata mujalla da sunansa shi kaɗai, har da misalaina yadda na jera su. Ko godiya a ƙasan shafi babu. Da na kai kuka, aka ce in yi haƙuri in karɓi takardata tukuna.

Ga masu zuwa bayana: duk babin da za ku miƙa, ku tura shi ta imel don kwanan wata ya zama shaida. Kada ku bar kwafi ɗaya tilo a ofishin kowa. Ku gabatar da aikinku a taron ƙara wa juna sani tun da wuri, da bakinku.

Babin yana nan a kwamfutata, kuma da shi zan nemi digiri na uku, a wata jami'ar.