Inda muka kwana da Tsinke: fita daji ta tsaya, dila ne sila

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon horon karen farauta. Kun ji ni shiru kwana biyu, to ga inda muke. Tafiya a gefen ƙafa ta zauna, karena Tsinke, wanda saluki ne, ba ya jan igiya yanzu sai in ya hango zomo, "zauna" da "bari" duk yana ji a cikin hosh, wato tsakar gida, ko da an ajiye nama a gabansa. Kira ne dai da saura. A gida fito ɗaya ya ishe shi, amma a fili in idonsa ya faɗa kan abu mai gudu to kunnen ya toshe kenan, duk mai saluki ya san halinsu, da ido suke farauta, kuma kafin ka buɗe baki ya yi maka nisa.

Wannan sauran ne ya jawo abin da zan ba ku labari. Bayan an yanke riɗi gonakin bayan Gadarif, a nan Sudan, sun buɗe, fili fetal, shi ya sa nake kai shi can da hantsi. Sai ga dila ya fito daga cikin karan dawa rana tsaka, yana tafe yana tangaɗi, ya gan mu bai gudu ba. Tsinke ya fizge ya yi kansa, suka ɗan yi kokawa cikin ƙura, dilan ya sulale ya shige kara. Abin ko minti ɗaya bai kai ba. Kawuna da ke koya min wannan harka tun ina yaro, da na faɗa masa ko zancen ciwo bai yi ba, cewa ya yi "ɗana, ƙarfe nawa ne, kuma da ya gan ku ya gudu?" Da ya ji amsa sai ya ce maza a nemi dakta. Dila, yanyawa, tunku, kura, duk masu tsoron mutum ne, in ka ga ɗayansu ya daina tsoro ko ya fito lokacin da ba nasa ba to ka sa ciwon haukan kare a ranka, wanda ake kira sa'ar a nan, har sai an tabbatar ba shi ba ne. Kuma tabbatarwar sai an kai ƙwaƙwalwar dabbar ɗakin gwaji, dilan da ya shige kara kuwa wa zai kamo shi.

Da farko kallon Tsinke za ka rantse ba abin da ya same shi, yana kaɗa jela yana haki. Sai da na sa hannuna cikin leda biyu, na kwantar da shi a inuwa ina bin gashin baya baya da yatsa, sannan na ga huji biyu ƙanana a bayan kunnen hagu, jinin ma ɗan ɗigo ne ya riga ya bushe ya manne da gashi. Ledar nan kar ku raina ta, yawun dilan yana iya kasancewa ɗanye a jikin karenka, kai kuma hannun manomi ba ya rasa tsaga ko yankan kara. Na ɗauko jarkar ruwa da sabulun wanki, na saita agogon waya minti 15, ina zuba ruwa ina cuɗa kumfa cikin hujin yana kuka yana zillo, wallahi minti 15 na da tsawo in kana riƙe da kare mai zillo, daga baya na ɗiga aidin. Ba barkono ba toka ba man birki, kuma ba a ɗinke irin wannan ciwon nan take.

Alhamdulillahi yana da allurar rigakafin ciwon haukan kare tun yana wata uku, katin na nan da hatimi, amma duk da haka dakta ya ce a sake yi masa wata a ranar, ba jira. Samun ta ne aiki tunda kun san yadda abubuwa suka koma tun da yaƙin nan ya fara a 2023, ga wuta ba tsayayya ba. Allurar tsakanin digiri 2 zuwa 8 take son zama, ba ta son zafi kuma ba ta son daskarewa, saboda haka a fulas na ɗauko ta da ƙanƙara, kwalbar a naɗe cikin tsumma don kar ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye. In mai sayarwa ya ciro maka ita daga kan kanta ko daga firjin da ya kwana a kashe, ka bar masa kayarsa, kuɗinka kawai za ka zubar.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya da kyau, don kusan kowa a unguwa abu ɗaya ya ce min, wai ɗaure shi kwana goma in bai haukace ba shikenan ka sake shi. Kwana goman nan gaskiya ne amma ba na wannan matsalar ba ne. Na karen da ya ciji mutum ne. Dalili kuwa ƙwayar cutar ba ta sauka cikin yawu sai ta riga ta isa ƙwaƙwalwa, daga nan kuma kwanakin karen ƙidayayyu ne, to in ya cika kwana goma garau bayan cizon an san ranar da ya yi cizon babu cutar a bakinsa. Shi kuma karen da dabbar daji ta ciza yanzu ne ƙwayar ta shiga, ba ta jini take bi ba, jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa take bi a hankali kamar gara cikin azara, waje lafiya lau ciki ana aiki. Yawanci daga sati biyu zuwa wata uku alamu ke fitowa, wani lokacin har wata shida, kuma in cizon ya fi kusa da kai tafiyar ta fi gajarta, shi ya sa bayan kunnen nan ya hana ni barci. Kenan wanda ya saki karensa a kwana na sha ɗaya bai tabbatar da komai ba, sai ma ya sake shi cikin yara daf da lokacin da abin zai iya tashi.

Ƙa'idar da dakta ya ce yake bi irin ta likitocin dabbobin Amurka ce: kare mai allura a ƙara masa nan take a sa masa ido kwana 45 a hannun mai shi, wanda bai taɓa allura ba kuwa ko dai a kashe shi ko a killace shi sosai wata huɗu. Na san masu kwikwiyo ba za su so jin wannan ba, amma ku duba bambancin 45 da wata huɗu ko rasa karen gaba ɗaya, duk a kan allura ɗaya. Kuma allurar farko sai ta yi kwana 28 a jiki kafin a lissafa kare cikin masu kariya, don haka wanda ya yi wa nasa jiya ya kai shi daji gobe bai yi komai ba tukun.

To Tsinke na cikin 45 ɗinsa. Na kewaye masa kusurwar hosh da waya, nesa da awaki da jakin maƙwabci tunda su ma suna kamuwa, har shanu da raƙuma. Ni kaɗai ke ba shi abinci, yara an ja musu kunne. Abin da nake duba safe da yamma shi ne canjin hali, mai fara'a ya koma ɓuya a lungu, ko mai kunya ya koma manne wa mutum, cizon iska, cin itace ko dutse, haushi ya canza ya dishe, dalala, ƙafar baya ta fara ja. Mutane sun fi sanin mai haukan da ke bin kowa da cizo, amma akwai na shiru wanda muƙamuƙinsa ke saki, baki a buɗe yana ƙoƙarin haɗiya kamar ƙashi ya maƙale masa, sai mai kare don tausayi ya zura hannu zai ciro ƙashin. Kar ku kuskura. Kuma kar ku ce ai yana shan ruwa don haka lafiyarsa ƙalau, tsoron ruwan nan a mutum aka fi ganinsa, kare yana iya zuwa wajen ruwa da cutar a jikinsa.

In kuma Allah ya kiyaye haƙori ko farce ya sami mutum, wanki minti 15 sannan asibiti a ranar, a fara allura, ba a jiran kwana goman kare kafin a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ciwon nan duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba mai tashi. Addu'a da tofi a yi, amma a kan hanyar asibiti.

Horo dai bai tsaya ba, wurinsa ne ya ƙanƙance. Wasan jan tsumma da baki da ba shi nama daga tafin hannu duk na ajiye su, yanzu a kwano nake jefa masa lada daga bayan waya. Kira nake ta maimaitawa, in jefa fatar zomo ɗaure da igiya ta wuce ta gabansa, yana zabura in yi fito, in ya juyo ya sami busasshen nama. Da farko ko kallona ba ya yi, yanzu ya fara yin turus yana waiwaye kafin ya bi, ni kam wannan turus ɗin nake nema, don malamai ma da suke bayanin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida cewa suka yi kare mai horo shi ne wanda in ka sake shi ya tafi in ka tsawata masa ya tsaya. Na farkon kowane saluki da shi aka haife shi, na biyun ne aikinmu.

Matsalar da nake ciki yanzu ƙiba ce, zaman wuri ɗaya ya fara rufe masa haƙarƙari, na rage masa asida, wato tuwo, na bar nama da ɗan madara. Sannan takunkumi, duk waɗanda na gani a kasuwa na karnuka masu gajeren baki ne ba sa zama a dogon bakin saluki, zamewa suke. In akwai wanda ya taɓa kai wa baduku ya ɗinka masa na fata don Allah ya faɗa min yadda ya auna, musamman wajen barin sarari don kare ya iya haki a wannan zafin namu.