Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rinin da Ya Lalace a Kan Goggo

A makon jiya na tsaya ne a lokacin da na fara karɓar masu kitso a tsakar gidanmu da ke unguwar Bagalam a nan Maraɗi, bayan na bar hannun matar da ta koya mini sana'a. Aikin da ya sa aka fara ambatona a unguwa shi ne gyaran wani rini da ya lalace a kan goggona, ƙanwar mahaifina, ana saura kwanaki kaɗan a ɗaura auren autarta.

Goggo mace ce mai son ado, kuma furfura ta fito mata da wuri. Ta daɗe tana rufe ta da lalle, wanda yake mayar da farin gashi ja, amma da biki ya matso sai ta ce ba za ta tarbi dangin ango daga Katsina da jan kai ba. Ta sa aka shafa mata man miƙar da gashi, kuma kafin mako ya zagayo ta aika Babbar Kasuwa aka sayo mata baƙin rini na gari, ta kwaɓa da kanta, ta lafta, ta ɗaure kan da leda, ta shiga hidimar baƙi daga azahar har magariba, alhali kuwa irin wannan rini ba ya wuce kimanin minti 30 a kai.

Da aka aiko kirana, na tarar da kai mai launi uku. Jelar gashin, wadda man miƙarwa ya riga ya raunana, ta sha rini ta yi baƙi ƙirin ta bushe kamar tsintsiya, tsakiya inda tsohon lalle yake ta yi ja mai duhu, saiwar kuwa furfurar tana nan tana leƙowa, domin farin gashi yana da taurin karɓar launi. Goshi da kunnuwa duk sun yi baƙi, fatar kan kuma tana mata zafi da ƙaiƙayi. Matan da suka zo taya aikin biki kowa da shawararta: wata ta ce a wanke da ruwan jabel, wato sinadarin wanki da ke sa tufafi su yi fari, wata ta ce a cuɗa da garin wanki da lemun tsami, wata kuma ta ce a sayo wani rinin mai launin ƙasa a ɗora a kai.

Na durƙusa na ce, "Goggo, don Allah ki bar mini kan nan, kada a ƙara sa masa komai yau." Ta ce, "Ɗiyata, biki fa ya zo." Na ce mata biki zai wuce, amma fatar kai idan ta ƙone ta yi tabo, gashi ba ya sake tsirowa a wurin. Jabel yana cinye gashi ya ƙone fata, rini kuma ba ya cire rini, don haka launin ƙasa a kan baƙi ba zai canja komai ba sai dai ya ƙara wa fatar guba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaiƙayin. Yawancin baƙin rini yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, wanda kuma shi ake zubawa a baƙin lallen da 'yan mata suke zane da shi, kuma jikin da ya taɓa ƙinsa yakan tayar da ƙuraje masu ruwa ko kumburin fuska bayan kwana ɗaya zuwa uku. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira awa 48 kafin a rina kai. Na gaya wa 'ya'yanta cewa idan idanu suka kumbura ko numfashi ya yi nauyi, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne. Allah ya taƙaita, abin ya tsaya a ja da ƙaiƙayi, likita ya rubuta mata magani na sha da na shafawa.

A daren na ɗauraye kan da ruwa mai ɗumi har ya daina fitar da baƙi, na wanke da karkashi saboda santsinsa yana warware gashi ba tare da an ja shi ba, sannan na shafe jelar da man kaɗe. Baƙin goshi da kunne na goge shi a hankali da auduga da man gyaɗa, sauran ya fita da kansa cikin 'yan kwanaki. Ranar biki na yi mata kalaba sako-sako, ta ɗaura ɗankwali ta yafa mayafi, kuma babu wani cikin dangin ango da ya ga ko silin gashi ɗaya, abin da har yau nake tsokanarta da shi.

Ainihin gyaran ya zo ne bayan an watse. Sai da fatar ta warke sarai na daka ƙwayoyin bitamin C na gauraya da sabulun wanke amosani, na riƙa shafa wa jelar kawai. Hakan yana rage duhun rini, amma ba ya fitar da shi duka. Inda ya kakkarye na datse da almakashi, tana ta yi mini faɗa. Tun da gashi yana tsirowa kimanin santimita 1 ne a wata, watanni muka yi kafin sabon ya rinjayi tsohon. Daga nan na mayar da ita kan lalle, idan an wanke sai a bi shi da garin ganyen baba, wanda yake rufe jan ya ba da duhu ba tare da sinadarin da ya ƙona ta ba, kuma na hana a haɗa mata miƙarwa da rini sai da tazarar aƙalla mako 2.

Cikin matan da suka ba da shawarar jabel akwai wadda ta zo mini daga baya da ɗiyarta amarya, an miƙar mata da gashi ya zube a ƙeya. Da labarinta za mu ci gaba mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.