Kafin Hannu Ya Saba da Kuskure

Ranar Asabar da ta wuce na tsaya a wurin gwajin bugu na filin Royal Golf Club da ke Kumasi ina kallon ɗan ƙanwata, wanda bai cika shekara 25 ba, ya jingine waya a jikin jakar sanduna yana kwaikwayon wani Bature a YouTube. Ƙwallo goma ya buga a gabana, takwas suka tashi kamar za su miƙe, sannan suka lanƙwasa dama suka faɗa cikin ciyawa. Da na ce masa ya nemi mai koyarwa, sai ya ce, "Kawu, ai komai yana cikin wayar nan, me zai sa in biya kuɗi?" Na rasa amsar da zan ba shi a wurin, domin irin maganar da na taɓa yi ce da bakina, sai dai ni da idona nake taƙama a lokacin.

Na shiga wasan golf ina da shekara 40, ta hanyar abokan cinikina na kayan gyaran mota a Suame Magazine. A Aboabo, inda na tashi, ana ɗaukarsa wasan masu hannu da shuni, musamman da yake kowa ya san Asantehene, wato sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu II yana buga shi, don haka na shigo filin ina jin cewa idon mutane yana kaina. Na sayi sanduna na hannu, na biya kuɗin shiga, na ce sauran aiki na ido ne, tunda da kallo na koyi sana'ata. Mai koyarwar da aka nuna mini ƙanena ne nesa ba kusa ba, kuma an ce da ɗaukar jakar 'yan wasa ya fara. Zuciyata ta ƙi yarda yaron da ya gama ɗaukar jaka ya gaya wa Alhaji yadda zai tsaya. Girman kai ne, na sani. Amma kuma ina da 'ya'ya a makaranta, ina da shago da ba ya jira, kuma a lokacin ban ga dalilin da zai sa magidanci ya ƙara wani kuɗin a kan abin da na ɗauka motsa jiki ne kawai ba. Har yau ban ce wannan lissafin duka kuskure ne ba.

Shekara tara ƙwallona tana lanƙwasa dama. Dabarar da na ƙirƙiro ita ce in juya jikina hagu domin in bar mata wurin dawowa, ban san cewa ƙara juyawa hagu yana sa sandar ta ƙara yanko ƙwallon daga waje ba, wato maganin nawa shi ne yake ciyar da cutar. Lokacin hunturu ƙasa tana bushewa, ƙwallo ta yi ta gangarawa, sai in ga kamar na ƙware; da damina ta sauka ciyawa ta jiƙe, asirina ya tonu. Na sayi sabuwar babbar sanda, na bi shawarar kowane abokin wasa da ya ce in danne kai ƙasa, har na riƙa ƙame wuya na daina juya ƙugu, bayana ya fara ciwon da yake damuna wajen ruku'u. Kuɗin sandar nan kaɗai da ya biya mini darussa masu yawa.

Ciwon bayan ne ya kai ni wurin mutumin da na raina. Ya miƙo mini sanda mai lamba 7, ya tsaya a bayana ya kalli bugu biyar bai ce uffan ba. Sannan ya kama hannuna na hagu ya ɗan murɗa shi a kan mariƙin har na ga gaɓoɓin yatsu biyu, ya shimfiɗa sanduna biyu a ƙasa, ɗaya a bakin ƙafafuna ɗaya tana kallon tuta, ya ce, "Alhaji, dubi inda kake nufi, dubi inda kake tsaye." Ya bayyana mini cewa fuskar sanda, wato gefen da yake dukan ƙwallo, ita ce ta fi yanke inda ƙwallo za ta fara nufa, lanƙwasar kuma tana zuwa ne daga saɓanin fuskar da hanyar da sandar ta biyo. Abin da bai kai rabin sa'a ba ke nan. Wata biyu bayan haka wasana ya ƙara lalacewa, domin hannu yana neman tsohuwar hanyarsa, har na kusa dainawa. Ya gyaru daga baya, amma ko yanzu, idan an zo ramin ƙarshe kuma ana kallona, tsohon bugun yakan dawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na kai nawa a bushe.

Abin da yake ba ni haushi da yaran yanzu shi ne sun san sunan Tiger Woods amma ba su san tarihinsa ba. A 1997 ya ci gasar Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf, da tazarar bugu 12 yana ɗan shekara 21, kuma bayan wannan nasarar ya koma wurin kocinsa Butch Harmon suka sake gina bugunsa, ya haƙura da ƙarancin nasara a 1998, sannan ya ɗauki manyan kofuna uku a 2000. Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18, yakan koma wurin Jack Grout, wanda ya koya masa tun yana ɗan shekara 10, su sake duba riƙo da tsayuwa a farkon kakar wasa. Su waɗannan ba su fi ƙarfin malami ba, sai yaron da bai yi wata uku da riƙe sanda ba, wanda ba ya iya sauraron magana ta minti biyu bai duba waya ba.

Na yi niyyar jera shawarwari da yawa, amma kaɗan ne suka rage. Ka biya mai koyarwa kafin ka sayi sabuwar sanda. Ka zaɓi wanda kallonsa ya fi maganarsa yawa, wanda zai ba ka gyara ɗaya ka tafi da shi, kuma ka tsaya a wurinsa ko da wasanka ya fara lalacewa. Idan kuwa kullum sabon zance yake kawo maka, ka bar shi tun da wuri, kada kunya ta riƙe ka. Wayar nan ka ajiye ta a mota, ko da yake dole in faɗi gaskiya, sai da malamina ya ɗauke ni a waya na ga kafaɗuna da idona sannan na yarda da abin da yake faɗa. To, ka ɗauki kanka, ka kai masa ya duba, ka daina kallon baƙon da bai taɓa ganin riƙonka ba.

Na riga na biya wa ɗan ƙanwar tawa darussa uku, na gaya masa zan zo in ɗauke shi ranar Asabar bayan sallar asuba. Ya ce zai duba ko yana da lokaci, ni kuma na kira mahaifiyarsa na ce ta tashe shi.