Daga Winnipeg zuwa Cowessess, garin da ya karɓe ragamar 'ya'yansa

Abokiyar aikina ce 'yar ƙabilar Cree, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Kanada, ta ce in raka ta garinsu Cowessess a watan Yuli, tunda kullum ina damunta da tambaya kan yaran da hukuma ke ɗaukewa daga hannun iyaye. Tare muke aiki a wata cibiyar tallafa wa mata a unguwar North End ta Winnipeg, kuma duk wanda ya zauna da matan unguwar nan ya san babu abin da ke tsinka musu zuciya kamar a ce ma'aikaciyar jin daɗin yara na bakin ƙofa. A lardin Manitoba, inda Winnipeg take, kusan 90 cikin 100 na yaran da ke hannun hukuma 'ya'yan 'yan asalin ƙasa ne, a Kanada gaba ɗaya kuma ƙidayar 2021 ta nuna su ne kashi 7.7 na yara 'yan shekara 14 zuwa ƙasa amma su ne kashi 53.8 na waɗanda ke gidajen riƙo na gwamnati.

Bayan asuba muka hau babban titin Trans-Canada muka yi yamma, hanya miƙe ɗoɗar, gonakin kanola sun yi rawaya fau har iya ganinka. A Portage la Prairie ta sauka daga titi ta nuna min wani tsohon gini na jan bulo, makarantar kwana ce da aka rufe a 1975, yanzu mutanen Long Plain, wata al'ummar 'yan asalin ƙasa, sun mayar da ita gidan tarihi. 'Ya'yan 'yan asalin ƙasa kusan 150,000 aka bi da su ta irin waɗannan makarantu da coci-coci ke gudanarwa da kuɗin gwamnati, a aske musu gashi a hana su yarensu. Ta ce da aka fara rufe makarantun ba a daina kwasar yara ba, salo aka sauya, daga shekarun 1960 sai ma'aikata su shigo gari su ɗauki jarirai a ba wa Turawa har Amurka, mahaifiyarta ma a hannun wasu manoma ta tashi, sai da ta girma ta gano danginta.

Brandon muka sha fetur da kofi na yi walaha a gefen mota, muka wuce Virden muka shiga lardin Saskatchewan, agogon waya ya koma baya da awa ɗaya don su ba sa sauya lokaci da rani. Daga Broadview muka yanki arewa, sai kawai ƙasar da ta yi ta shimfiɗa tun safe ta gangara cikin kwarin Qu'Appelle, ga tafkin Crooked Lake ga tsaunuka kore shar, gaskiya wurin ya yi kyau.

Kafin gida sai da muka tsaya Marieval. Nan makarantar kwana ta tsaya har 1997, nan ne kuma a Yunin 2021 shugaban garin na lokacin Cadmus Delorme ya sanar cewa na'urar duba ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamun kaburbura 751 marasa shaida, akwai yara akwai manya, don maƙabartar gari ce da aka cire wa duwatsun suna a shekarun 1960. Abokiyata ta ajiye ɗan ganyen taba kamar yadda al'adarsu take, ni kuma na tsaya gefe hawaye na zuba.

Gidan goggonta muka sauka, tsohuwa mai fara'a da kowa ke kira Kokum, wato kaka da yarensu, jikoki uku a hannunta. Ta dafa shayi ta soya mana bannok, wani burodinsu, da kifin tafki, kuma a bakin teburin nan na fahimci abin da na zo gani. Uwar yaran na fama da shaye-shaye tana wurin magani, a da in haka ta faru rarraba yaran za a yi gidajen baƙi a Regina ko wani birni, wani ba zai sake ganin ɗan'uwansa ba, yanzu kuwa taro aka kira, kakanni da kawunnai da wata dattijuwa da ma'aikaciyar gari suka zauna a da'ira aka yi hayaƙin ganyensu na tsarki kowa ya faɗi abin da zai iya ɗauka, wannan zai kai su makaranta, waccan za ta riƙe su ƙarshen mako, ofis zai sayi gado da kayan abinci, uwar kuma tana kiran waya tana zuwa ganinsu ba wanda ya goge sunanta. Na ce mata Kokum ai mu ma haka muke, riƙo muke cewa, goggo ko kaka ta ɗauki yaro ba takarda ba kotu, ta riƙe hannuna ta ce su ma haka suka gada, doka ce ta zo ta mayar da shi kamar ba komai ba.

Abin da ya ba su wannan ƙarfi dokar tarayya ce da ake kira C-92, ta fara aiki 1 ga Janairun 2020, ta amince al'ummomin asali na da ikon kafa dokarsu kan yara, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ita a Fabrairun 2024. Mutanen Cowessess suka rubuta tasu mai suna Miyo Pimatisowin, suka kafa hukumarsu Chief Red Bear Children's Lodge, a Yulin 2021 firaministan Kanada na lokacin Justin Trudeau da firimiyan lardi Scott Moe suka zo har garin aka sa hannu kan yarjejeniyar aiwatar da ita, su ne na farko a duk ƙasar. Kuma ba kyauta aka ba su ba, Cindy Blackstock mai fafutukar haƙƙin 'ya'yan 'yan asalin ƙasa da ƙungiyarta sun kai ƙara tun 2007, sai 2016 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke cewa gwamnati na nuna wa yaran wariya wajen kuɗi. Nan ne abin ke ci min rai, akwai kuɗin biyan baƙo ya riƙe yaro amma babu na gyara wa uwarsa rufin ɗaki ko cika mata firji, sai a rubuta sakaci a fayil alhali talauci ne tsagwaronsa.

Da yamma wata ƙanwar abokiyata da ke wannan aiki ta shigo a gajiye, ta ba ni labarin Nelson House can arewacin Manitoba inda in rikici ya tashi iyayen ake fitarwa daga gida a kawo dangi su zauna da yara, yaro ya kwana a gadonsa ya tafi makarantarsa. Ba ta ɓoye min wahalar ba, gidaje sun yi kaɗan, kakanni sun tsufa ga ciwon suga, ma'aikata na gajiya su bar aiki, kuma yawancin 'yan Cowessess ba a garin suke zaune ba, suna warwatse a birane, yaransu da yawa sun shekara a gidajen da suka saba da su, ba a fizge yaro haka kawai a ce an dawo da shi gida, sai an bi a hankali da ziyara da hutun makaranta. Washegari ma Regina za ta tafi da sassafe ganin wasu 'yan biyu, ta roƙi Kokum ta shiga motar don ita ce ta san kakarsu, mu kuma muka kama hanyar Winnipeg bayan azahar.